BABI NA BIYU: ASALI DA KAMANNIN MANYAN KANTUNAN KAYAN GYARAN GIDA

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da dalilin gudanar da shi da kuma farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne domin a ga yadda manyan kantunan sayar da kayan gini da na gyaran gida suka samu a ƙasashe biyar, watau Amurka da Faransa da Jamus da Ingila da kuma Ostireliya.

Duk wanda ya shiga kantin Home Depot a Amurka, sannan ya shiga B&Q a Ingila ko OBI a Jamus ko Bunnings a Ostireliya, zai iya ɗauka cewa kamfani ɗaya ne yake canza suna daga ƙasa zuwa ƙasa. Wannan ya sa mutane da dama suke ganin cewa sauran kantunan duk kwaikwayon Home Depot suka yi, kasancewar shi ne mafi girma a cikinsu. Sai dai masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Idan aka bi shekarun kafuwar waɗannan kamfanoni za a tarar cewa Home Depot shi ne auta a cikinsu. Saboda haka wannan babi zai yi ƙoƙarin nuna cewa kamannin nasu yana da tushe guda biyu. Na farko shi ne yanayin rayuwa iri ɗaya da waɗannan ƙasashe suka shiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na biyu kuma shi ne kwaikwayon da ya biyo baya tun daga shekarar 1979. Daga ƙarshe za a dubi wuraren da aka kai wannan tsari ya kasa kama ƙasa, domin a nan ne ake iya gane wanne ya fi nauyi a cikin tushen nan guda biyu.

2.1 Ma'anar Kantin Kayan Gyaran Gida

Abin da ake nufi da kantin kayan gyaran gida a wannan bincike shi ne katafaren kanti wanda ya tattara dukkan abin da mutum yake buƙata wajen gina gida ko gyara shi ko ƙawata shi a ƙarƙashin rufi ɗaya. Kayan sun haɗa da katako da siminti da fenti da tayil da kayan famfo da na wutar lantarki da ƙusa da guduma da zarto, har da irin shuka da taki na lambun gida. Domin a sami sauƙin fahimta, ana iya kwatanta shi da kasuwar Ƙofar Ruwa ta birnin Kano ko kasuwar Dei-Dei ta Abuja. Bambancin shi ne a waɗannan kasuwanni kowane ɗan kasuwa da rumfarsa da irin hajarsa, kuma sai an yi ciniki. A kantin da ake magana a kansa kuwa kamfani ɗaya ne yake da hajar baki ɗaya, an rubuta farashi a jikin kowane kaya, mai saye ne kuma yake ɗauka da hannunsa ya zuba a amalanke ya je ya biya a bakin ƙofa. Haka kuma kamfanin yakan mallaki rassa masu yawa a garuruwa daban-daban, dukkansu da suna ɗaya da launi ɗaya da tsari ɗaya.

Wanda aka fi kafa irin wannan kanti dominsa shi ne maigida ko uwargida da suke son yin aikin gyaran gidansu da hannunsu ba tare da kiran kafinta ko birkila ko mai fenti ba. Wannan al'ada ce za a riƙa kira yi-da-kanka a cikin wannan aiki.

2.2 Yanayin da ya Haifar da Kantunan

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abubuwa guda huɗu da suka haɗu a ƙasashen Turai ta Yamma da Amurka da Ostireliya bayan shekarar 1945, waɗanda su ne suka share fagen samuwar waɗannan kantuna.

Abu na farko shi ne mallakar gida. A Amurka dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta shekarar 1944 ta sauƙaƙa samun bashin sayen gida, aka kuma shiga gina sababbin unguwanni a bayan gari, irin su Levittown da aka fara a 1947 a jihar New York. A shekarar 1940 kimanin kashi 44 cikin 100 na iyalan Amurka ne suke zaune a gidan kansu, amma zuwa 1960 adadin ya kai kusan kashi 62 cikin 100. A Jamus da Faransa kuwa yaƙi ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa, sai da aka sake gini. A Ingila dokar gidaje ta 1980, a zamanin Margaret Thatcher, ta bai wa masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da suke ciki cikin rahusa. Sanannen abu ne cewa ɗan haya ba ya kashe kuɗinsa a kan gidan wani, amma mai gida ba ya rabo da gyara.

Abu na biyu shi ne tsadar ladan ma'aikaci. Yayin da albashi ya riƙa hauhawa a waɗannan ƙasashe, sai kiran mai fenti ko mai gyaran famfo ya zama abin da matsakaicin ma'aikaci yake jin nauyinsa. A lokaci guda kuma hutun ranakun Asabar da Lahadi ya ba shi sararin da zai yi aikin da kansa.

Abu na uku shi ne samuwar kayan aiki masu sauƙin sarrafawa. A 1946 kamfanin Black & Decker ya fito da ƙaramin injin huda na lantarki domin amfanin gida. Haka nan fentin ruwa da rola sun sa wanda bai taɓa koyon sana'ar fenti ba yana iya shafe ɗakinsa a yini ɗaya. Kafofin watsa labarai ma sun taimaka. Mujallar Time ta Amurka ta sa al'adar yi-da-kanka a bangonta a shekarar 1954, a Ingila kuma wani mutum mai suna Barry Bucknell ya yi suna wajen koyar da gyaran gida a talabijin na BBC, musamman a shirinsa na 1962 inda ya gyara wani tsohon gida a birnin Landan a kan idon masu kallo.

Abu na huɗu shi ne mota da kuma tsarin ɗauki-da-kanka. Wannan tsari ya faro ne a kantunan kayan abinci, tun daga Piggly Wiggly da Clarence Saunders ya buɗe a garin Memphis a 1916. Da motoci suka yawaita, sai ya zama ana iya gina kanti a bayan gari inda fili yake da araha, mai saye kuma ya ɗauki buhun siminti ko falankin katako a motarsa.

2.3 Asalin Kantunan

2.3.1 Amurka

Kamfanin Lowe's ya faro ne a 1921 a matsayin ƙaramin kanti a garin North Wilkesboro na jihar North Carolina, mallakar Lucius Smith Lowe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ɗansa Jim Lowe da mijin 'yarsa Carl Buchan suka ci gaba da riƙe kantin. Buchan ne ya hango cewa za a shiga gine-gine gadan-gadan, don haka ya karkatar da kantin ga kayan gini, ya kuma riƙa saro kaya kai tsaye daga masana'antu ba tare da bi ta hannun dillalai ba. A 1952 ya zama shi kaɗai ne mai kamfanin, a 1961 kuma, bayan rasuwarsa, aka sa kamfanin a kasuwar hannayen jari. Sai dai har zuwa ƙarshen shekarun 1970 rassan Lowe's ƙanana ne, kuma yawancin masu sayensa magina ne da 'yan kwangila.

Home Depot kuwa kora daga aiki ce ta haife shi. A 1978 aka sallami Bernie Marcus da Arthur Blank daga kamfanin Handy Dan na jihar California. Tare da Ken Langone, wanda ya tara musu jarin farko, da Pat Farrah, wanda ya ƙware wajen tsara haja, suka buɗe kantunansu biyu na farko a birnin Atlanta ranar 22 ga Yuni, 1979. Kowane ɗaya daga cikinsu ya kai kusan murabba'in mita 5,600, girman da ya zarce na abokan gasarsu nesa ba kusa ba. Ba a yi wa kantunan ado ba. Daɓen siminti ne da dogayen kantoci na ƙarfe har kusa da rufi, tamkar sito, irin tsarin da Sol Price ya fito da shi a kantinsa na Price Club a 1976. Saboda ƙarancin jari, a farkon lamari sai da suka jera kwalaye da gwangwanayen fenti waɗanda babu kome a ciki a saman kantoci domin kantin ya yi kamar a cike yake. Wani abu da suka ƙara shi ne ɗaukar tsofaffin kafintoci da masu gyaran famfo aiki domin su riƙa koya wa masu saye yadda ake amfani da kayan. A 1981 aka fara sayar da hannun jarin kamfanin, zuwa 1989 kuma ya wuce Lowe's ya zama na ɗaya a Amurka. Wannan ya tilasta wa Lowe's sauya ƙananan rassansa da manya masu siffar sito a shekarun 1990. A yau Home Depot yana da rassa fiye da 2,300 a Amurka da Kanada da Meziko.

2.3.2 Faransa

Leroy Merlin ya samo asali ne daga ragowar kayan yaƙi. A 1923 Adolphe Leroy da matarsa Rose Merlin suka kafa kasuwancin sayar da kayan da sojojin Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a garin Nœux-les-Mines da ke yankin ma'adinin kwal na arewacin Faransa. Sannu a hankali suka koma sayar da kayan gini. A 1960 kamfanin ya ɗauki sunan Leroy Merlin, a 1966 kuma ya shiga tsarin ɗauki-da-kanka. Tsakanin 1979 da 1981 ya koma hannun iyalan Mulliez, masu kantunan Auchan.

Shi kuwa Castorama, Christian Dubois ne ya buɗe shi a 1969 a Englos, kusa da birnin Lille. An samo sunan ne daga sunan da Faransawa suke kiran wata dabbar bakin ruwa da ta shahara wajen gina wa kanta gida da itace.

2.3.3 Jamus

A Jamus Heinz-Georg Baus, wanda ya taso a gidan kafinta, ya buɗe kantin Bauhaus na farko a garin Mannheim a 1960, a kan tsarin ɗauki-da-kanka. Hornbach ya girme shi nesa, domin ya faro ne a 1877 a matsayin wurin sana'ar rufin ɗaki na Michael Hornbach a garin Landau. A 1968 zuriyarsa suka buɗe kanti a Bornheim wanda ya haɗa kayan gini da kayan lambu a wuri ɗaya, abin da daga baya ya zama ruwan dare a wannan sana'a. A 1970 Emil Lux da Manfred Maus suka buɗe kantin OBI na farko a birnin Hamburg, mai faɗin murabba'in mita 870 kacal. OBI ya yaɗu ne ta hanyar bai wa wasu 'yan kasuwa izinin buɗe reshe da sunansa da tsarinsa su riƙa biyan sa lada.

2.3.4 Ingila

A watan Maris na 1969 Richard Block da David Quayle suka buɗe kanti a unguwar Portswood ta garin Southampton, wanda daga baya aka taƙaita sunansa zuwa B&Q, watau haruffan farko na sunayensu. Abin da ya taimaka musu shi ne dokar 1964 wadda ta hana masana'antu ƙayyade wa 'yan kasuwa farashin da za su sayar da kaya, don haka mai babban kanti ya sami damar karya farashi. A 1980 kamfanin Woolworth ya sayi B&Q, kuma rukunin da ya gaje shi ne aka sa wa suna Kingfisher a 1989. A 1998 Kingfisher ya haɗe B&Q da Castorama na Faransa, a 2002 kuma ya mallaki Castorama gaba ɗaya. Tsohon babban abokin gasar B&Q, watau Homebase, kamfanin kayan abinci na Sainsbury's ne ya kafa shi tare da wani kamfani na ƙasar Beljiyam a 1979, aka buɗe reshensa na farko a Croydon a 1981.

2.3.5 Ostireliya

Wasu 'yan'uwa biyu, Arthur da Robert Bunning, sun baro Landan suka sauka a yammacin Ostireliya a 1886. Sun fara da aikin gini, sannan suka shiga yankan katako, kuma a kan katako ne kamfanin ya yi kusan shekara ɗari. A 1994 rukunin Wesfarmers ya mallaki Bunnings, a shekarar ce kuma aka buɗe kantinsa na farko mai siffar sito a unguwar Sunshine ta birnin Melbourne. A nan kam tasirin tsarin Amurka a fili yake.

2.4 Kamannin Kantunan

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da kamanni iri biyu.

Kamanni na farko shi ne na asali. Kusan dukkan tsofaffin kamfanonin sun faro ne daga ƙaramar sana'ar iyali da ta shafi gini. Bunnings daga katako, Hornbach daga rufin ɗaki, Bauhaus daga kafinta, Lowe's daga ƙaramin kantin ƙauye. Daɗin daɗawa, cikin shekara 10 kawai, daga 1960 zuwa 1970, aka buɗe Bauhaus da Castorama da B&Q da OBI, Leroy Merlin da Hornbach kuma suka sauya tsari. Duk wannan ya faru ne tun kafin a yi tunanin kafa Home Depot. Ke nan abin da Turawan Yamma suka ara daga Amurka a wancan lokaci shi ne tsarin ɗauki-da-kanka na kantunan kayan abinci, sauran kuwa buƙatar mutanensu ce ta haifar da shi.

Kamanni na biyu shi ne na siffa, kuma a nan ne Home Depot ya yi tasiri. Idan aka kwatanta murabba'in mita 870 na OBI a 1970 da kusan 5,600 na Home Depot a 1979 za a ga tazarar. Bayan da aka ga ribar da ke cikin tsarin sito, sai Lowe's da B&Q da Bunnings duk suka rungume shi a shekarun 1990. Dalilin ribar kuwa a bayyane yake. Kamfanin da yake da rassa ɗari yana saro kaya masu yawa a lokaci ɗaya, don haka yana iya matsa wa masana'anta ta rage masa farashi. Kasancewar kantin shi ne siton, an huta da biyan hayar wurin ajiya da ladan dako sau biyu. Ribar kowane kaya kaɗan ce, amma yawan cinikin yana cike gurbin. Wannan lissafi ne ya sa siffar ta zama ɗaya ko'ina: gini mai faɗi a bayan gari, filin ajiye motoci a gaba, dogayen kantoci a ciki, sashen lambu a gefe, da ma'aikata sanye da rigar aiki mai launin kamfani.

Ko a launi akwai kamanni, domin Home Depot da B&Q da OBI duk ruwan lemo suke amfani da shi. Sai dai Lowe's shuɗi ne, Bauhaus ja, Leroy Merlin kuma kore, don haka ba za a gina hujja a kan launi ba. Haka nan dabbar da Castorama ya samo sunansa daga gare ta ita ce kuma alamar OBI.

2.5 Inda Tsarin ya Gaza

Idan da a ce siffar kanti ce kaɗai sirrin nasara, da duk inda aka kai ta za ta karɓu. Tarihi bai nuna haka ba.

Misali mafi girma shi ne ƙasar Sin. A 1998 gwamnatin Sin ta daina raba wa ma'aikata gidaje, mutane suka shiga sayen nasu, kuma yawancin sababbin gidajen ana sayar da su ne ba tayil ba fenti. A ido wannan babbar kasuwa ce. B&Q ya buɗe reshe a Shanghai a 1999, Home Depot kuma ya sayi wani kamfani mai suna Home Way mai rassa 12 a 2006. Amma a watan Satumba na 2012 Home Depot ya rufe manyan rassansa bakwai da suka rage, Kingfisher kuma ya sayar da kashi 70 cikin 100 na B&Q na Sin ga kamfanin Wumei a 2015. Sin tana da masu gidaje da masu kuɗin saye, amma sharaɗi na biyu da aka ambata a 2.2 bai cika ba. Ladan ma'aikaci yana da araha, mai gida kuma ya fi son ya ba ɗan kwangila aikin, shi kuwa ɗan kwangila yana da kasuwar da ya saba sayen kayansa.

Misali na biyu shi ne Chile, inda Home Depot ya shiga a 1998 ya fita a 2001. A can ya tarar da Sodimac, kamfanin 'yan ƙasa da ya faro a 1952, ya riga ya san masu sayensa. Irin haka ta faru a Ostireliya, inda Lowe's ya haɗa gwiwa da kamfanin Woolworths na ƙasar suka kafa Masters a 2011 domin su kara da Bunnings. A watan Disamba na 2016 aka rufe dukkan rassansa fiye da 60.

Abin mamaki shi ne Bunnings da ya kayar da Masters a gida shi ma ya faɗa irin wannan rami a waje. A 2016 Wesfarmers ya sayi Homebase na Ingila a kan fam miliyan 340, ya sallami manyan shugabanninsa, ya kwashe kayan ƙawata ɗaki da masu sayen Homebase, musamman mata, suka saba zuwa nema, ya maye gurbinsu da injuna da kayan aiki. A 2018 ya sayar da kamfanin a kan fam 1 tak. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin manyan kantunan kayan gyaran gida na ƙasashe biyar. An ga cewa yawancinsu sun girmi Home Depot, wasu ma da kusan shekara ɗari, kuma sun taso ne daga ƙananan sana'o'in iyali. An ga cewa mallakar gida da tsadar ladan ma'aikaci da sauƙin kayan aiki da yawaitar mota su ne suka haife su a lokaci kusan ɗaya. An kuma ga cewa gudummawar Home Depot ita ce tsarin sito, wanda sauran suka kwaikwaya daga baya. Abin da ya faru a Sin ya nuna cewa yanayin rayuwar mutane ya fi siffar kanti nauyi, abin da ya faru a Chile da Ostireliya da Ingila kuma ya nuna cewa ko da yanayin ya dace, sai an san halin masu saye na wurin.

Wannan sakamako yana da muhimmanci ga duk mai tunanin kafa irin wannan kanti a inda birkila da kafinta suke da sauƙin samu, kuma mai gida yake aika magininsa kasuwa ya yi ciniki, kamar yadda ake yi a Ƙofar Ruwa. A babi na uku za a dubi yadda waɗannan manyan kantuna suka shafi ƙananan 'yan kasuwar kayan gini a garuruwan da suka shiga.